Daga Ina Zuwa Ina? Yadda Ake Ajiye Bango a Daidai Wurinsa a Manhajar Zanen Gini

Mai gida ya zauna kusa da mai zane, ya ce yana son ɗakuna uku a jere, kowanne ƙafa 12. Mai zane ya ce to, ya juya ga kwamfuta. A cikin wannan "to" ɗin aka tsallake tambayar da ya kamata a yi tun kafin a ja layin farko: ƙafa 12 ɗin nan, daga ina zuwa ina? Mai gida yana nufin filin da zai shimfiɗa kafet ya sa gado da wadrob. Birkila idan ya ji 12, tsakanin bulo da bulo yake kawowa a ransa, kafin filasta. Injiniyan da zai lissafa ginshiƙai da rodi daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango yake awo. Ita ma manhajar tana da layin da take riƙe bango da shi, kuma wanda aka saita mata take bi, ko mai zane ya sani ko bai sani ba.

Tushen lamarin shi ne bango yana da jiki. A takarda kamar zare muke ganinsa, a fili kuwa abu ne mai kauri, kaurin kuma hawa-hawa ne. Bulon simintin da aka fi gini da shi a Najeriya iri biyu ne: mai inci 9, wanda a zane ake rubuta shi milimita 225, da mai inci 6, wato milimita 150. A Nijar da santimita ake kiransa, bulon 15 da na 20. A kan bulon ake shafa filasta, galibi milimita 12 zuwa 15 a kowace fuska, in kicin ne ko banɗaki a ƙara tayil da simintin da zai riƙe shi. Ke nan bango ɗaya yana da aƙalla wurare biyar da za a iya ɗora bakin tef: fuskar filasta ta waje, fuskar bulo ta waje, tsakiya, fuskar bulo ta ciki, da fuskar filasta ta ciki.

A ce ɗakin da ake so milimita 3600 ne a kan 3600, kusan ƙafa 12 ɗin nan (daga nan duk awon da ba a faɗi ma'auninsa ba milimita ne), bangayensa duka na inci 9. Idan mai zane ya ja layukansa 3600 tsakiya zuwa tsakiya, rabin kaurin kowane bango, wato 112.5, ya shigo ɗakin daga hagu da dama. Abin da ya rage tsakanin bulo da bulo 3375 ne. Bayan an yi filasta ta 15 a kowane gefe sai ya koma 3345. Ɗakin da mai gida ya sa rai murabba'in mita 12.96 ne ya tashi a 11.19. Kusan murabba'in mita 1.8 sun salwanta, wurin da wadrob mai tsawon mita 3 zai zauna, alhali babu wanda ya yi kuskuren tarawa ko ɗebewa. In ana son 3600 ɗin ta tabbata bayan filasta, dole tsakanin bulo da bulo ya zama 3630, tsakiya zuwa tsakiya kuma 3855.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Ɗakuna uku masu 3600 a jere, mai gida zai ce 10,800. Amma akwai bangon waje biyu na 225, da na ciki biyu na 150, jimilla 750, ga fuskoki takwas na filasta, 120. Faɗin ginin ya kai 11,670. Bambancin 870 ne, kusan faɗin ƙofa guda. A fuloti mai ƙafa 50, bayan an cire ratar da hukumar tsara birane ke buƙata tsakanin gini da iyaka, wannan 870 ɗin ita ke yanke hukunci ko ɗaki na uku zai shiga ko ba zai shiga ba.

Na taɓa tsayawa a wani gini da ya kai linta, ana jayayya a kan lungun da ke kaiwa ga banɗaki. A zane an rubuta 1050. Mai walda ya ga haka ya haɗa ƙofa mai faɗin 900 har ya kawo ta, tana jingine da bango. Da aka zo sakawa ta ƙi shiga. Na ɗora tef na samu 862 da ɗoriya. Birkila ya rantse bai taɓa lambar ba, kuma gaskiya ya faɗa: 1050 ɗin tsakiya zuwa tsakiya ce, tsakanin bangon inci 9 da na inci 6, shi kuma a kan igiyar tsakiya ya ɗora bulonsa kamar yadda kibiyoyin zanen suka nuna. Rabin 225 da rabin 150 sun cinye 187.5, filasta kuma tana jiran ta ci nata 30. Wanda ya yi zanen lungu mai faɗin 1050 yake gani a ransa. Mai gidan yana tsaye da hannu a ƙugu, yana duban bulon da aka riga aka biya kuɗin ɗora shi. Tun ranar, duk zanen da aka miƙo mini, inda kan kibiyar awo ya sauka nake fara dubawa kafin lambar da ke samanta.

Manhajojin zanen gini kashi biyu ne a kan wannan batu. AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, a asalinsa bai san wani abu wai shi bango ba. Layi ya sani. Bango a wurinsa layi biyu ne da mai zane ya ajiye kusa da juna. Shi ya sa umarnin ofset, mai kwafo layi ya ajiye shi a gefe a tazarar da ka faɗa, ya zama abokin aikin kowa: ka ja fuskar bulo, ka yi ofset 225 ka samu ɗaya fuskar, ka yi ofset 3630 ka samu bangon da ke fuskantarsa. Ko ka buga @3630,0 domin ka ce a matsa 3630 zuwa dama daga inda aka tsaya. Alfanun wannan hanya shi ne babu abin da ke ɓoye, kowane layi kai ka sa shi da hannunka. Wahalarta tana fitowa ranar da aka ce a ƙara wa falo 300: sai ka bi layuka, ƙofofi da tagogi ka tabbatar babu wanda aka bari a baya.

Kashi na biyu su ne irin ArchiCAD na kamfanin Graphisoft da ke Budapest a ƙasar Hungari, wanda ya fito tun shekarun 1980, da Revit, wanda ya fito a 2000, Autodesk ya saye shi a 2002. A nan bango abu ne guda mai tsawo, tsayi, kauri da hawa-hawan kayan da aka yi shi da su. Manhajar tana ajiye shi a matsayin layi ɗaya tak, sannan ta tufatar da layin da kauri. Wannan layin, da zan kira layin dogaro, shi ne ainihin inda bangon yake a wurinta. Revit yana ba da zaɓi shida: tsakiyar bangon gaba ɗaya, tsakiyar ƙashinsa, fuskar ƙarshe ta waje, ta ciki, fuskar ƙashi ta waje, da ta ciki. Ƙashi a irin gininmu shi ne bulon, fuskar ƙarshe kuwa filasta ko tayil. Tsakiyar bango da tsakiyar ƙashi sukan zo ɗaya idan filasta daidai take a fuska biyu, amma a bangon banɗaki mai tayil a gefe guda sai su rabu.

Muhimmancin layin dogaro ba ya bayyana sai an zo canji. Ka zana bango da bulon inci 6, injiniya ya dawo ya ce zai ɗauki nauyi, a mayar da shi inci 9. Ƙarin 75 ne. Idan layin dogaro a tsakiya yake, bangon zai kumbura 37.5 ta kowane gefe: ɗakin hagu ya ragu, na dama ya ragu, in kuma bangon waje ne, ya leƙa 37.5 cikin ratar da aka bari ta iyaka. Idan a fuskar bulo ta waje yake, wajen ginin ba zai motsa ba, duk ƙarin ciki zai shigo. Manhajar ba za ta yi gargaɗi ba, domin a wurinta bangon yana nan inda yake.

A ganina, bangon waje a rataye shi a fuskar bulo ta waje, saboda ita ce ke fuskantar iyaka da maƙwabci, ita hukuma ke aunawa, kuma ita ake fara ja da igiya a fili. Bangon ciki kuwa a tambayi wane gefe ne ba ya jure ragi. Lungu, matakala da banɗaki ba su da rarar da za su bayar, saboda haka a ɗaure fuskar da ke kallonsu, falo ya ɗauki canjin. Inda akwai ginshiƙai, layukan raga da ake sa wa A, B, C da 1, 2, 3 su ne shugabanni. Ginshiƙi mai 225 a kan 225 yana ɓuya sarai cikin bangon inci 9, amma idan bangon inci 6 ya zo kansa sai an zaɓa: ko ya bi tsakiya ginshiƙin ya fito 37.5 ta fuska biyu, ko a daidaita shi da fuska ɗaya ya fito 75 ta ɗayar. Wanda bai zaɓa a kwamfuta ba, birkila zai zaɓar masa a fili.

Wani abin da ke rikita sababbin hannu a Revit shi ne awon wucin gadi, lambobin da ke fitowa da zarar ka taɓa bango. Ka danna lambar ka rubuta sabuwa, bangon ya matsa. Wanda ke matsawa shi ne wanda ka zaɓa, don haka idan ka zaɓi bangon waje kana nufin gyara ɗaki, ginin gaba ɗaya ka faɗaɗa. Kuma lambar nan tana iya kasancewa daga tsakiya take aunawa, gwargwadon yadda aka saita fayil ɗin. Akwai ɗan ɗigo a jikin layin awon; in ka danna shi yakan yi tsalle daga tsakiya zuwa fuska. Mutum ya buga 3600 da kyakkyawar niyya ba tare da ya dubi inda ɗigon yake ba, ga shi ya koma ɗakin 3345. Bayan an samu lambar da ake so, ana iya kulle ta da alamar kwaɗo, yadda in bango ɗaya ya matsa ɗayan zai bi shi. Kwaɗon yana da amfani a faɗin lungu da matakala. Amma in aka kulle kowane awo a gidan, ranar da za a matsa bango ɗaya manhajar za ta ƙi, ko ta ja wani bangon a can bayan gida inda ido ba ya kai.

Wanda ba sana'arsa ba ce, yana dai son ya tsara gidansa kafin ya je wurin ƙwararre, yakan fara da Sweet Home 3D, manhajar kyauta da wani Bafaranshe, Emmanuel Puybaret, ya rubuta. A can bango a kan tsakiyarsa ake jansa, kuma ana iya buga tsawo da kusurwa da allon madannai maimakon ja da linzami. Tarkon tsakiya zuwa tsakiya yana nan a ɗane. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara zana ɗakin kansa da faɗin da ake so, sannan a sa manhajar ta kewaye shi da bango. Haka aka fara daga abin da mai gida yake nufi, kauri ya fita waje.

Duk manhajar da ake riƙe da ita, ƙa'ida ɗaya ba ta canzawa: lamba a buga ta, kada a ja bango da linzami har sai an ga lambar da ake so ta bayyana. Dalili shi ne abin da allo ke nunawa ba shi ne abin da ke ajiye ba. Kwamfuta tana riƙe tsawo da lambobi kusan 15, amma tana nuna maka gwargwadon abin da ka ce ta nuna. Bangon da ke 3000.4 za a rubuta shi 3000. Uku irinsa a jere 9001.2 ne, za a rubuta 9001. Birkila ya tara 3000 sau uku ya samu 9000, ya dubi jimillar da ke sama ya ga 9001, daga nan ya daina yarda da takardar. Milimita ɗaya ba ta rushe gini, amma rashin yarda da zane yana sa kowa ya koma yin abin da ya ga dama. In an saita awo ya riƙa cikewa zuwa 5 ko 10 mafi kusa, ɓarnar da ke ɓoye ta fi haka yawa. SketchUp yana da wata ɗabi'a mai kyau a nan: idan lambar da yake nunawa ba ita ce ainihin tsawon ba, yakan sa 'yar alama mai lanƙwasa, ~, a gabanta. Ni nakan ƙara lambobi biyu bayan ɗigo lokacin da nake aiki, domin in ga 3000.00 da idona, sai an zo bugawa in mayar. Rabin milimita irin na 187.5 ba laifi ba ne, daga kaurin bulo ya fito. Amma 3000.37 hannu ne ya zame.

Mafi muni shi ne gyara rubutun awo a bar bango inda yake. A AutoCAD ana iya danna lambar a goge 3345 a rubuta 3600, takarda ta fito tsaf. Ƙarya ce aka rubuta, kuma duk wanda zai ɗora aiki a kan fayil ɗin, mai lissafin rodi, mai lissafin tayil, mai rufi, zai gaji ƙaryar. Revit yana ƙin karɓar lamba zalla a madadin awon gaskiya, kuma ina ganin masu shi sun yi daidai.

Sai batun ƙafa da mita, wanda a Najeriya kullum muna cikinsa: mai gida da dillali da birkila suna magana da ƙafa, zane yana magana da milimita. Tun 1959 aka tsayar da inci ɗaya a kan milimita 25.4 cif. Ƙafa 12 ke nan 3657.6 ce, amma a baki mita 3.6 ake cewa, an yar da kusan 58. Ƙafa 50 ita ce 15,240, ana kiranta mita 15. Ragin 240 ya fi kaurin bulon inci 9. Ƙafa 100 kuwa 30,480 ce. Shi kansa inci 9 ɗin 228.6 ne, ba 225 ba. Manhajojin ba su da matsala da juyi, Revit ma a cikinsa da ƙafa yake ajiye tsawo, SketchUp da inci, suna juya maka zuwa abin da ka zaɓa. Matsalar tana wurin mutum mai juyawa da ka, yau ya ɗauki ƙafa a 300, gobe a 305. A zaɓi ma'auni ɗaya tun farko, faɗin fuloti kuma a ɗauko shi daga takardar safiyo, kada a ɗauko daga bakin dillali.

Takardar safiyon ma tana da nata tarko. Lambobin da ke jikinta na taswirar ƙasa ne. Fili a Kano lambarsa ta arewa, in daga layin da ya raba duniya biyu aka auna, ta haura mita miliyan 1.3. In aka zana gida a kan waɗannan lambobi, can nesa da cibiyar fayil, wato wurin da manhajar ke fara ƙirga awo daga sifili, lissafin kwamfuta yakan fara rawa, layuka su ƙi haɗuwa. Revit yana son komai ya zauna cikin kilomita 16 daga cibiyarsa. Gida a zana shi kusa da cibiya, a danganta shi da lambobin safiyo ta hanyar da manhajar ta tanada.

Nisa tsakanin bango biyu ba ya da ma'ana sai sun yi daidai da juna tun daga farko har ƙarshe. Bango mai tsawon mita 10 da ya karkace da digiri 0.1 kacal, ƙarshensa ya kauce da kusan milimita 17. Ido ba zai gani a allo ba, amma awo a wannan kai zai bambanta da na wancan, kuma mai tayil zai gani a layinsa na ƙarshe. A AutoCAD maɓallin F8 yana tilasta layi ya miƙe, F3 yana kunna maganaɗisun da ke kama ƙarshen layi ko tsakiyarsa. Maganaɗisun nan sai an lura da shi, domin a zane mai cunkoso yakan kama fuskar filasta kana zaton bulo ya kama. Revit yakan yi gargaɗi cewa layi ya ɗan kauce daga miƙe, mutane da yawa kuma sukan rufe gargaɗin ba su karanta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Masu auna tsofaffin gine-ginen ƙasa a Kano, Zariya, Damagaram ko Agadas suna da ƙarin tambaya guda. Bangon tubali yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, saboda haka faɗin soro ya danganta da tsayin da aka ɗora tef. Zanen shimfiɗa yanka ne da ake yi wa gini a wani tsayi, galibi wajen 1200 daga daɓe. A irin wannan aiki dole a rubuta tsayin da aka auna, in ba haka ba mutum biyu za su auna soro ɗaya su kawo lamba biyu, kowa kuma da gaskiyarsa. Sai a fitowar 2022 Revit ya samu bango mai sirancewa a matsayin zaɓi na kansa.

Wani zai ce, ina amfanin rabin milimita a allo alhali birkila da igiya da tef zai yi aiki, bulon ma wani gidan bulo nasa bai cika 225 ba? Kuskuren fili ba ya ɓacewa, gaskiya ne. Amma a kan na zane yake hawa. In zane daidai yake, kaucewar 10 a fili ta tsaya a 10, filasta ta shanye ta. In zane ya riga ya kauce da 187, babu filastar da za ta gyara.

Saboda haka takardar da za ta je fili a yi ta domin mai riƙe tef. A ranar da ake fitar da harsashi babu filasta, babu tsakiyar bango da za a taɓa da hannu. Akwai katakan da aka kafa a kewaye, da ƙusoshi, da igiya. Awon da ya fi yi wa birkila amfani shi ne na fuskar bulo zuwa fuskar bulo, da kaurin kowane bango a rubuce a tsakani, da layi ɗaya a ƙasan takarda da ke cewa duk awo na bulo ne kafin filasta. Ya kamata a ƙara jerin awo mai tafiya daga kusurwa ɗaya, 225, 3855, 4005, haka har ƙarshe, yadda za a maƙala bakin tef a ƙusa ɗaya a buga sauran ba tare da an ɗaga shi ba. In ana ɗaga tef ɗaki bayan ɗaki, kuskuren kowane ɗaki yana hawa kan na baya. Kada kuma a bar wurin da sai an ɗora rula a takarda. A ma'aunin 1:100, milimita ɗaya a takarda 100 ce a ƙasa, kuma zanen da aka matse a A4 ko aka turo hotonsa ta WhatsApp ya riga ya rabu da ma'auninsa.

Kusurwa ana fitar da ita da 3, 4, 5 kamar yadda magina suka saba, wato a auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5, amma manhajar tana iya ba da abin da ya fi haka: tsawon kusurwa zuwa kusurwa. Ɗaki mai 3600 a kan 4200 tsakanin bulo da bulo, daga wannan lungu zuwa wancan 5532 ne. A rubuta shi a takardar. Kafin lebura ya sa diga a ƙasa, a ja tef ta hagu a ja ta dama, duka biyun su ba da 5532, sannan a ɗauko bulo uku ko huɗu daga cikin waɗanda mota ta sauke a auna kaurinsu. In 220 suka bayar, a koma kwamfuta a gyara kaurin bangon tun siminti yana cikin buhu.